Algus a Cikin Kwalin Jirgin Nutso

Duk kwalin samfurin jirgin ƙarƙashin teku yana ɗauke da abu biyu a goshinsa: sunan jirgi da ma'auni. A rubuta Nautilus, ko U-96, ko Kursk, a gefe kuma a sa 1/72 ko 1/144 ko 1/350. Wanda ya buga waɗannan ya ɗauki alkawari ke nan. Cewa yake yi abin da ke cikin kwalin nan shi ne wannan jirgin, an dai ƙanƙanta shi sau 350, kuma duk milimita ɗaya da ka gani a roba santimita 35 ce a ƙarfe. A kan wannan alkawari mutum yake fitar da kuɗinsa, ya kai gida, ya ɓalle gutsattsarin roba daga reshensu, ya goge, ya liƙa, ya yi fenti, wani lokaci ya kwashe watanni yana abu ɗaya. Kamfanoni da yawa suna karya alkawarin nan, sun san suna karyawa, kuma sun saba har abin ya daina damun su. Da su nake, da masu kwafe aikin wasu, da masu taya su da shiru.

Kada a ce min kayan wasan yara ne. Akwai na wasa, wanda ake sa wa batir a jefa a baho, kuma ba mai tambayar tsawonsa. Wanda nake magana a kai kwali ne cike da gutsattsari, wani hamsin, wani ɗaruruwa, da takardar da ke nuna yadda za a harhaɗa su, kuma masu sayensa yawanci manya ne: tsofaffin sojojin ruwa, 'ya'yan waɗanda suka yi aiki a jiragen, masu son tarihi. Ranar da ka rubuta ma'auni a kan kayanka ka shiga hukuncin masu awo. Mai hatsin da ya bubbuge gindin mudunsa ya turo shi ciki ba ya kuɓuta don ya ce ai gero ne kawai. Wanda ya rubuta sunan jirgi da 1/350 ya zuba wani abin dabam a kwali, mudu ya tauye, abin da ya sayar kuma algus ne.

Cutar tsohuwa ce. A 1953 kamfanin Revell na Kalifoniya ya fitar da samfurin Nautilus, jirgin nutso na farko a duniya mai aiki da makamashin nukiliya. A lokacin jirgin yana kan gini a Groton ta jihar Connecticut, sai ranar 21 ga Janairun 1954 aka tura shi ruwa. Masu zanen ba su gan shi ba, sai suka cike gurbin da abin da ransu ya ba su, har suka ɗora masa makami mai linzami irin Loon a doro. Nautilus bai taɓa ɗaukar wannan makami ba ko sau ɗaya. Bututun topido shida ne da shi a goshi. Ana iya yi musu uzuri a 1953. Uzurin ya ƙare da jirgin ya fito idon duniya, balle bayan ya ratsa ƙarƙashin ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya a Agustan 1958 ya shiga kowace jarida. Duk da haka aka ci gaba da zuba roba a wannan mazubi ana sayarwa da sunan Nautilus shekara da shekaru.

Akwai labarin da 'yan sana'ar ke son bayarwa don nuna gwaninta. A watan Yunin 1961 jaridun Amurka suka ɗauko ƙorafin Admiral Hyman Rickover, uban shirin jiragen nukiliya na rundunar ruwan ƙasar, wanda ya gaya wa wani kwamitin majalisa cewa samfurin jirgin George Washington da Revell ke sayarwa dala 2.98 ya miƙa wa Tarayyar Sobiyet bayanan miliyoyin daloli a ɓagas. Samfurin irin wanda ake buɗe gefensa ne a ga ɗakunan ciki. Kamfanin ya ce duk abin da ya yi amfani da shi an riga an buga shi a fili. Har yau ana maimaita labarin a matsayin shaidar cewa samfurin ya yi daidai da jirgin har ya firgita admiral. To, George Washington bututun harba makami mai linzami na Polaris guda 16 gare shi, fitowar farko ta samfurin kuwa da takwas ta zo. Rabin abin da aka gina jirgin dominsa babu shi a kwali, sai daga baya aka gyara. Wannan ɓangaren ba a cika faɗarsa ba, domin ba ya sayar da kaya.

Na san amsar da za a ba ni: sirri. Akwai gaskiya a ciki. Jirgin nutso ko yana ɗaure a tasha yawancin jikinsa a ruwa yake, abin da ido ke gani hasumiya ce da ɗan doro. Farfela kuwa ita aka fi ɓoyewa, domin daga siffar fukafukanta da yawansu masani zai iya lissafa irin ƙarar da take yi, kuma a yaƙin ƙarƙashin teku wanda aka fara jin motsinsa shi ne gawa. Shi ya sa in an fito da jirgi wurin gyara ake lulluɓe ta da tamfol. A 1987, da ta bayyana cewa wani reshen Toshiba na Japan da Kongsberg na Norway sun sayar wa Sobiyet injinan sassaƙar ƙarfe da ke iya yin farfela marar ƙara, sai da dangantakar Amurka da Japan ta girgiza. A 2007 hoton farfelar wani jirgi jinsin Ohio mai fukafukai bakwai, da aka bari a buɗe a sansanin Bangor, ya fito a taswirar intanet ta Microsoft, aka yi ta surutu a kai. Don haka wanda ya ce bai san ainihin abin da ke tura jirgi jinsin Virginia ko Astute ba, na yarda da shi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ya yi shaci-faɗi ya ja bakinsa ya yi shiru, ya bar mai saye yana zaton abin da yake liƙawa aunawa aka yi.

Kuma sirri yana da wa'adi. Ɗauki jirgin da NATO ta sa wa suna Typhoon, wanda har yau ba a gina jirgin nutson da ya kai shi nauyi ba: tsawo kimanin mita 175, faɗi mita 23, makamai masu linzami 20 a gaban hasumiya. Shida aka gina a Severodvinsk, na farko ya fara aiki a 1981. Lokacin da kamfanonin Dragon da Revell suka fitar da samfuransa a wajajen ƙarshen Yaƙin Cacar Baka, abin da ke hannunsu zane-zanen hasashe ne na ƙasashen Yamma da 'yan hotunan abin da ya ɗago saman ruwa. Sai suka yi masa shimfiɗaɗɗiyar wutsiya da farfela biyu a fili. Da Sobiyet ta wargaje a 1991 hotuna suka fara fitowa daga wuraren gyara, aka ga kowace farfela a cikin zobe take, fasalin bayan jirgin kuma ba haka yake ba sam. Me aka yi? Aka ci gaba da buga tsohon, a canja zanen kwali a mayar kanti. A ma'aunin 1/350 Typhoon rabin mita ne, kuskuren a fili yake ga duk mai ido. Mai harhaɗawar da ya damu da gaskiya sai ya ɗauko ɗan zarto ya datse wutsiyar, ya sayi ta gyara a wurin wani mutum can, ya haɗa, ya cike gaɓar da foti, ya yi ta guga da samfefa har ta ɓace. Ya biya sau biyu ke nan, ya kuma yi aikin da kamfani ya riga ya karɓi ladansa.

A wani wurin ma babu sirrin ko kaɗan, ganganci ne tsagwaronsa. Revell yana da wani tsohon mazubi na jirgin Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu jinsin Gato. An sayar da abin da ke fita daga cikinsa da sunan Growler, an sayar da sunan Flasher, kuma duka biyun Gato ne. Sannan aka sa masa sunan Lionfish, da wannan sunan ma aka fi saninsa. Lionfish jinsin Balao ne. Jinsunan biyu sun yi kama a tsawo, amma Balao an yi masa gangar jiki mai ƙarfi da ke kai shi zurfin ƙafa 400 inda Gato ke tsayawa a 300, kuma hasumiyarsa da sandunan da ke riƙe da madubin leƙe fasalinsu daban ne, wanda ya saba da jiragen kallo ɗaya zai yi ya gane. Lionfish ɗin kansa yana nan a Fall River ta jihar Massachusetts tun farkon shekarun 1970, ana biyan kuɗin ƙofa a shiga. Yaro zai zagaya cikinsa da mahaifinsa, a saya masa kwali mai sunan jirgin, ya je gida ya gina wani jirgin dabam yana murna. Kuɗin mota da tef ɗin awo kawai aka buƙata don kauce wa wannan.

Kuma ba shi kaɗai ya rage ba. Ga Cod a Cleveland, ga Drum a Mobile, ga Pampanito a San Francisco. U-995 na Jamus, wanda shi kaɗai ya tsira a jinsin Type VII, yana bakin teku a Laboe kusa da Kiel. U-505, wanda sojojin ruwan Amurka suka kama ranar 4 ga Yunin 1944 a tekun da ke yamma da gaɓar Afirka, yana Chicago. Sai dai jirgin gidan tarihi ma ba a binsa ido rufe. U-2540 da ke Bremerhaven an tsamo shi daga ƙasan teku a 1957, ya yi shekaru yana aikin gwaji a rundunar Jamus ta Yamma da sunan Wilhelm Bauer, an yi masa canje-canje. U-995 ma ya yi aiki a rundunar Norway bayan yaƙi. Wanda ya auna su yau ya rubuta 1944 a kwali, bai gwada da tsofaffin hotuna ba, rabin aiki ya yi.

Wanda bai taɓa zama da samfurin Type VIIC ba zai ɗauka duk jiragen Jamus iri ɗaya ne. Fiye da 700 aka gina na jinsin Type VII, a ma'aikatu daban-daban, irin su Blohm & Voss a Hamburg da Germaniawerft a Kiel. A gefen kowane akwai jerin ramukan da ruwa ke shiga da fita in jirgi zai nutse ko zai taso, kuma tsarin ramukan nan ya bambanta daga ma'aikata zuwa ma'aikata, har daga rukuni zuwa rukuni. Hasumiya ma ta yi ta canjawa. Daga 1943, da jiragen saman Ƙawance suka matsa lamba, aka ƙara mata dandamalin bindigogin kakkaɓo jirgi, aka sauke babbar bindigar doro mai milimita 88 daga yawancinsu. To sai ka ga kwali ɗaya, gangar jiki ɗaya, hasumiya ɗaya, ga takardar sitika da tambarin jirage barkatai, kamar duk wanda ka liƙa ya zama shi. Jirgin gaske mita 67 ne, a 1/72 ya zama santimita 93, don haka ba abin da ke ɓuya. Na ga yadda masu haƙuri ke yi. Mutum zai kafa hoton 1941 a gabansa, baƙi da fari, ya ɗora gilashin ƙara girma yana ƙirga ramuka ɗaya bayan ɗaya. Ya toshe wanda bai kamata ba da ɗan yankin roba, ya huda sabo da siririn abin huji, ya juya gangar jikin ya kankare ta ciki har bakin ramin ya yi siriri kamar na farantin ƙarfe, yatsunsa fari fat da ƙura. Idan mutum ɗaya a ɗakinsa, bayan ya taso aiki a gajiye, zai iya wannan bincike, kamfanin da ke biyan ma'aikatan zane albashi ba shi da bakin cewa abin ya gagara.

Abin da ke ba kuskure tsawon rai haka shi ne kwafa. H. L. Hunley ɗan jirgin nutso ne mai mutum takwas, bakwai na juya farfela da hannu. Ya nutsar da jirgin ruwan Housatonic a bakin Charleston ranar 17 ga Fabrairun 1864, shi ma ya ɓace a daren. Aka daɗe ana zana shi daga zanen da ɗaya daga cikin maginansa ya yi da ka, kusan shekara 40 bayan gina shi. Littafi ya kwafi littafi, samfuri ya kwafi littafi, aka gina kwatankwacinsa aka ajiye a gidan tarihi, ƙatuwar tukunyar ƙarfe da sandar nakiya a saman goshi. Da aka tsamo na gasken ranar 8 ga Agustan 2000, sai ga jirgi siriri mai sulɓi, sandar kuma a ƙasan goshi aka ɗaura ta. Alhali tun Disambar 1863 Conrad Wise Chapman ya zana jirgin yana kallonsa da idonsa a kan gaɓa, kuma nasa ne ya fi kusa da gaskiya. Yana nan tun tuni, aka bar shi aka bi abin da kowa ke bi.

Abin da ya sami Hunley cikin rashin sani, shi wasu kamfanoni suka mayar hanyar aiki. Sassaƙa mazubin ƙarfe na da tsada, bincike na cin lokaci. Hanya mai sauƙi ita ce a sayo kwalin wani a auna gutsattsarinsa, a da da hannu, yanzu da na'urar ɗaukar siffa, a sassaƙa nasu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ta kuskure ake kama su. Kamfani biyu da suka auna jirgi ɗaya, kowa da kansa, ba za su yi kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya ba. In ka ga ƙofar da aka sa a hagu alhali a dama take, ka sake ganinta a hagu a kwalin wani kamfani na wata ƙasa, ka ga an raba gangar jiki a gaɓa ɗaya, an jera gutsattsari a reshe da tsari ɗaya, har da gurbin batirin da na farkon ya bari tun zamanin da ake sa wa samfuri mota, to ba sai an kira shaida ba. An ci gumin na farko, wannan ɗaya ke nan. Wanda ya fi shi muni, kuskuren ya samu masu gaskata shi. Mai harhaɗawa zai duba kwali uku ya ga duk bakinsu ɗaya, ya ɗauka gaskiya ce, bai san mutum ɗaya ne ya yi magana sau uku ba. Mai zanen littafi ya kalli samfurin ya zana, mai wasan kwamfuta ya kalli littafin ya gina, kafin a ankara wanda ya zo da hoton gaske shi ake yi wa kallon mai neman rigima.

A bambance wannan da sayen mazubi ko hayarsa, wanda halal ne kuma tsohuwar al'ada ce a sana'ar. Da kamfanin Frog na Ingila ya rufe a 1976, Tarayyar Sobiyet aka sayar wa mazubansa, kayan suka dawo kasuwa da sunan Novo. Har gobe kamfanoni na zuba robar juna a kwalayensu bisa yarjejeniya. Amma nan ma akwai inda ake cutar mai saye. A ɗauko mazubin da aka sassaƙa shekara 50 ko 60 da suka wuce, tun zamanin da ake ƙanƙanta jirgi gwargwadon girman kwalin da ke ajiye, shi ya sa ake ganin ma'aunai irin 1/305, a sa shi a sabon kwali mai sheƙi da shekarar bana a gefe, ba kalma ɗaya da ke nuna tsufansa. Sai an yage leda gaskiya ta fito, lokacin kuma ba a mayar da kaya.

Wani zai ce mene ne a ciki, ai ramuka ne da farfela. Sunayen da ku kamfanoni kuke bugawa a kwalayen nan da yawansu kaburbura ne. Thresher ya nutse ranar 10 ga Afrilun 1963 da mutum 129. Scorpion ya tafi da 99 a 1968. Kursk ya tafi da 118 a tekun Barents a Agustan 2000. Cikin matuƙan jiragen nutson Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu, kusan uku a kowane huɗu ba su dawo ba, ban da dubban ma'aikatan jiragen kasuwa da suka nutsar. Ga iyalai da yawa, abin da ya rage mai jiki, wanda za a riƙe a hannu a nuna wa jika a ce nan kakanka yake kwana, nan yake aiki, shi ne wannan ɗan samfurin. Jiragen jinsin Thresher ma ba duka tsawonsu ɗaya ba, an ƙara wa wasu na baya tsawo da girman hasumiya. Duk wanda ya ɗauki gangar jikin wani jirgi ya liƙa mata lambar Thresher, wato 593, don sunan na jawo ciniki, da matattu yake kasuwanci, kuma bai girmama su ko da awo ba.

Abin da ake nema a wurinku bai kai kuɗin fentin kwali ba. A rubuta a takardar harhaɗawa shekarar da aka sassaƙa mazubi da wanda ya sassaƙa shi, a faɗi jirgin da aka bi da shekarar da yake da wannan fasalin, a nuna sassan da aka yi da hasashe. Mai saye ba zai gudu don an gaya masa gaskiya ba, zai ma san inda zai sa wuƙarsa. Da masu sharhi a mujallu da bidiyo suna aikinsu, da tuni an tilasta muku. Amma kamfani ne ke aiko musu kwali kyauta. Su buɗe a gaban kyamara, su yaba kyan roba da yadda gaɓoɓi ke haɗuwa, su rufe da cewa ya yi kama da jirgin. Ya yi kama da wane hoto? Ba su ɗora gangar jikin a kan zanen gini ba, ba su ƙirga komai ba, kuma in sun ga aibi su haɗiye, don kada kwali na gaba ya ƙi zuwa. In baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Sabon shiga da ya dogara da su shi ke kwana ciki.

Waɗanda ke ɗinke wannan ɓaraka mutane ne ɗaiɗai, a Poland ko Cek ko Yukren ko Amurka, wani tsohon ma'aikacin jirgi ne, wani injiniya mai ritaya. Mutum zai kwashe watanni yana tara hotuna, yana rubuta wa gidajen adana takardu, ya sassaƙa wutsiya ko hasumiya ta gaskiya da hannunsa ko ya zana ta a kwamfuta, ya yi mata mazubin silikon, ya zuba rezin, ya sayar da ɗan abin da ya samu. Ribar sau da yawa ba ta wuce ta sayen kayan aiki na gaba. Su ne kuma masu satar fasaha suka fi yi wa dirar mikiya. Ɓarawo zai sayi guda ɗaya, ya zuba silikon a kanta, ya fara fitar da nasa, ya baza a kasuwar intanet a rabin kuɗi, har da hoton da mai ita ya ɗauka. Riƙe na satar a hannu ka duba da kyau. Ya ɗan ƙanƙance, domin kowane zubi yana ɗan tsukewa, in kuma kwafin kwafi ne ya ƙara tsukewa, sai ka kai shi jikin samfurin ka ga ya bar giɓi. Layukan da ke da kaifi sun dakushe, kawunan ƙusoshi sun zama ƙuraje, ga ƙananan ramukan iska a bakin farfela, ga maiƙon da fenti ba ya kamawa. Wani lokaci ka ga layin gaɓa biyu, na mai kaya da na ɓarawo. Yanzu da na'urar buga abu mai jiki ta yaɗu, satar ta ƙara sauƙi: fayil ɗaya za a saya a raba wa jama'a, ko a goge sunan mai zanen a kai kasuwa.

Ku kuma masu saye, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kun san farashin na gaskiya, kun ga wannan rabinsa ne, kun ga mai sayarwar ba shi da suna, ga kayan mutane daban-daban jibge a shagonsa, kuka runtse ido kuka biya. Ɓarawon zaune ake kiran mai yin haka. Na san kuɗin aikowa da na kwastan suna da nauyi, wanda ke odar kaya daga Kano ko Yamai ya fi kowa sani. Amma wanda bai iya sayen na halal ba yana da zarto da foti da hotuna, ya yi gyaransa da hannunsa kamar yadda aka yi tun kafin a san rezin. Ku ne masu kukan kamfanoni ba sa gyara kuskure, ku ne kuma masu kashe kasuwar mutumin da ya gyara. Ranar da ya ga ɓarawo ya fi shi sayar da abin da shi ya sha wahalarsa, ba zai sake zama ya ƙirga ramukan wani jirgin ba. Jirgi na gaba da kamfani zai fitar da wutsiyar ƙarya, haka za ku gina shi, haka kuma wani kamfanin zai saye shi ya kwafa.